Jagora: Yadda Ma'aikatar Harkokin Waje Za Ta Tsara Manufofinta, Ta Kuma Auna Aikinta

Idan ma'aikatar ayyuka ta yi alkawarin shimfiɗa titi, ƙarshen shekara ana iya zuwa a ga inda kwalta ta tsaya. Ma'aikatar lafiya ma tana iya ƙirga yaran da aka yi wa allurar rigakafi. Ma'aikatar harkokin waje ba ta samu wannan sauƙin ba. Kusan duk abin da take nema yana hannun wani ne: ƙuri'ar wata ƙasa a zauren taro, sa hannun wani shugaba, ko shawarar wani kamfani da ke nazarin inda zai kai jarinsa. Wani sa'in ma babbar nasararta ita ce abin da bai faru ba, kamar rigimar kan iyaka da aka kashe ta wayar tarho tun kafin jaridu su ji labari.

Shi ya sa kan jami'ai ke rabuwa. Tsofaffin jakadu sukan ce diflomasiyya ba ta aunuwa, a ƙyale su su yi aikinsu. Masu riƙe da lalitar gwamnati kuma su ce abin da ba a nuna musu amfaninsa ba, ba za su saki kuɗinsa ba. Daga ƙarshe sai a tashi da rahoton shekara cike da yawan tarukan da aka halarta da liyafar da aka shirya, kowa ya sa hannu, ba wanda ya gamsu. Jagorar nan ta babban sakatare ce, da daraktan tsare-tsare, da duk jakadan da aka ce ya rubuto shirin aikin ofishinsa. Abin da za a bi da shi tun daga farko har ƙarshe guda ne: a sa lamba inda lamba ke faɗin gaskiya, inda kuma ba ta faɗi, a nemi hukuncin masana a rubuce tare da hujjarsa.

Mataki na 1: Tattaro inda umarninku ya fito

Kafin a kira taron daraktoci, a sa mutum biyu ko uku su tattaro takardun da suka ɗora wa ma'aikatar aiki. Na farko tsarin mulki. Wasu ƙasashen sun rubuta manufofinsu na waje a ciki, kamar sashe na 51 na tsarin mulkin Indiya da sashe na 19 na tsarin mulkin Najeriya na 1999. Na biyu yarjejeniyoyin da suka fayyace aikin kansa. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Biyenna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya ya lissafa ayyukan ofishin jakadanci guda biyar: wakiltar ƙasa, kare muradunta da na 'yan ƙasarta, tattaunawa da gwamnatin da ke masaukin baƙi, sanin halin da ƙasar ke ciki ta halattacciyar hanya da aika rahoto gida, sai kuma bunƙasa zumunci ta fuskar tattalin arziki da al'adu da kimiyya. Yarjejeniyar Biyenna ta 1963 kuwa ita ta yi bayanin hidimar da ƙananan ofisoshin jakadanci ke yi wa 'yan ƙasa. Na uku alkawuran gwamnati mai ci da shirin raya ƙasa. Na huɗu duk wata yarjejeniya da ƙasar ta riga ta sa wa hannu wadda ke da wa'adi.

A taƙaita su duka a shafi biyu, a kasa su kashi biyu: muradun da ba sa canjawa ko wa ke mulki, da abubuwan da gwamnatin yanzu ta fifita. Wannan rabon yana da amfani ranar da aka yi sauyin gwamnati. Suwidin ta ayyana manufar waje mai fifita 'yancin mata a 2014, gwamnatin da ta hau a 2022 ta ajiye wannan laƙabin. Tsaron iyaka da kare ɗan ƙasa a waje kuwa ba su jira zaɓe.

Mataki na 2: Zaɓi kaɗan, ka faɗi abin da za ka bari

A nan ake kai ruwa rana. Kowane darakta yana son ganin sashensa a jerin manyan manufofi, domin ya san wanda ba ya ciki shi za a fara yanke wa kuɗi. Idan aka biye wa kowa, sai a fito da manufofi goma sha biyar, wanda daidai yake da a ce ba a zaɓi komai ba. A ganina huɗu zuwa shida sun isa ma'aikata guda na tsawon shekara huɗu ko biyar.

Ga gwajin da za a yi wa kowace manufar da aka kawo. Shin akwai gwamnati mai hankali da za ta zaɓi akasinta? "Ƙarfafa dangantaka da ƙasashen duniya" ba manufa ba ce, domin ba wanda zai rubuta cewa yana son raunana ta. Amma "karkata jami'ai da kuɗi zuwa maƙwabta da manyan kasuwanni biyar, ko da hakan zai sa a rage ma'aikata a wasu ofisoshi" zaɓi ne, tunda akwai wanda zai ji ciwo. Gwaji na biyu: idan an cimma ta, wane ne a cikin ƙasa zai ga canji a rayuwarsa? Mai fitar da kaya, ɗalibi, ma'aikacin da ke aiko da kuɗi gida, mazaunin kan iyaka? Idan ba a iya ambaton kowa ba, a sake duba ta.

Tare da jerin manufofi, a rubuta jerin abubuwan da za a daina ko a rage. Ministoci ba sa son wannan shafin, amma shi ne ke nuna an yi da gaske. Haka kuma a kasa ƙasashe mataki-mataki gwargwadon muhimmancinsu ga manufofin. Wannan jerin kam sirri ne, kada ya shiga takardar da za a buga, don babu ƙasar da za ta ji daɗin ganin sunanta a sahu na uku.

Mataki na 3: Raba abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma a nan yawancin tsare-tsare ke tuntuɓe. A ɗauki kowace manufa, a zuba abubuwan da ke ƙarƙashinta a gida uku.

Gida na farko: abin da ma'aikatar ke iko da shi. Kwana nawa ake ɗauka kafin a ba wanda fasfonsa ya ɓace takardar komawa gida. Cikin awa nawa jami'i ke neman izinin ganin ɗan ƙasar da aka tsare bayan labari ya iso, haƙƙin da sashe na 36 na yarjejeniyar 1963 ya tanada. Ko takardar bayanin da minista zai shiga taro da ita ta iso a kan lokaci. Ko ofisoshi na da shirin kwashe mutane da aka gwada. A nan a sa lamba, a sa wa'adi, a kuma tuhumi wanda ya gaza ba tare da jin nauyi ba. Ana iya duba abin da wasu suka ɗora wa kansu: dokar bizar Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta ce a yanke hukunci kan buƙata cikin kwana 15, a tsawaita zuwa 45 idan akwai dalili.

Gida na biyu: abin da kuke da baki a ciki amma wani ne zai yanke. Cin zaɓen kujera a wata hukuma ta duniya, kammala yarjejeniyar ciniki, sa wata ƙasa ta ɗage haramcin da ta sa wa kayanku. A nan za a rubuta sakamakon da ake so, amma abin da za a tambayi jami'i a kai shi ne ingancin ƙoƙarinsa da nisan da aka ci. Dubi zaɓen kujerun wucin gadi na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙasashen da suka kaɗa ƙuri'a a Babban Zaure, kuma a asirce ake kaɗawa. A watan Yunin 2020 ana neman ƙuri'a 128: Norwe ta samu 130, Ailan ta samu 128 cif-cif, Kanada ta tsaya a 108 duk da shekarun da ta yi tana kamun ƙafa. A zaɓen nan dai Kenya ba ta kai ba a zagayen farko, sai a na biyu ta samu 129, Jibuti 62. Wanda zai ce jami'an Ailan sun ci jarrabawa ɗari bisa ɗari, na Kanada kuma sun ci sifiri, bai fahimci aikin ba. Tambayoyin da suka dace su ne: yaushe aka shiga takarar, ƙasashe nawa aka zauna da su, alkawari nawa aka samu a rubuce, kuma an yi hasashen nawa za su saɓa?

Gida na uku: abin da sai dai a sa ido. Farashin man fetur a duniya, sakamakon zaɓen wata babbar ƙasa, jimillar cinikin da ke tsakaninku da wata nahiya. A riƙa bibiyarsu domin suna shafar shiri, amma kada a rataya wa jakada su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa jakada ya ƙara yawan ciniki da kashi kaza. Idan farashin abin da ƙasarsa ke fitarwa ya tashi, zai ci yabo yana barci. Idan ya faɗi, zai sha zargi ko da ya yi aikin mutum uku. Abin da ya kamata a tambaye shi shi ne shingayen da ya taimaka aka cire, da kamfanonin da ofishinsa ya haɗa da masu saye, waɗanda su da bakinsu suka tabbatar cewa taimakon ya kai ga ciniki.

Mataki na 4: Rubuta kowane buri yadda baƙo zai gane an cimma shi ko ba a cimma ba

Tun 1981 wani masanin gudanarwa, George Doran, ya yaɗa ƙa'idar da ma'aikatu da yawa ke bi har yau a sigogi daban-daban: buri ya zama takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, da wanda aka ɗora wa, da kuma wa'adi. Ƙa'idar na da kyau ga gida na farko. Sai dai a ƙara mata abu guda da ake yawan mantawa: matsayin da ake a yau. Ba za a ce za a rage kwanakin jiran biza ba alhali ba a san kwana nawa ake jira yanzu ba. Idan babu alƙaluma, to burin shekarar farko shi ne tattara su. Wannan ba abin kunya ba ne, ya fi ƙirƙiro lamba a ɗakin taro.

Kowane ma'auni a yi masa kati mai shafi ɗaya, ɗauke da:

• ma'anarsa dalla-dalla, har da abin da ba ya ciki
• inda alƙaluman za su fito da wanda zai tattara su
• matsayin yau, da inda ake son kaiwa, da rana
• sunan muƙamin mutum ɗaya da za a tambaya, ba kwamiti ba
• abin da ka iya ɓata lissafin daga waje

Afirka ta Kudu na bin irin wannan tsarin. Ma'aikatunta, har da ta hulɗa da ƙasashen waje, suna fitar da shirin shekara biyar da shirin aikin kowace shekara, kowane ma'auni da bayaninsa, kuma babban mai binciken kuɗi na ƙasa yana duba ko abin da aka ce an yi yana da hujja. Ma'anar ce ke kashe gardama. Idan an ce "an taimaki ɗan ƙasa", amsa waya ya shiga ciki, ko sai an buɗe fayil an rufe? Idan ba a fayyace ba, ofisoshi ashirin za su ƙirga ta hanya ashirin.

Inda akwai ma'aunin da duniya ta riga ta yarda da shi, a ɗauke shi. Ma'aikatar da ta sa 'yan ƙasa mazauna waje cikin manufofinta tana iya jingina da burin da ke cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato rage kuɗin aika kuɗi gida zuwa ƙasa da kashi 3 cikin ɗari nan da 2030. Amma a tuna wannan na gida na biyu ne, tunda babban banki da kamfanonin aika kuɗi sun fi ma'aikatar ƙarfi a kansa.

Mataki na 5: Inda lamba ba ta shiga, a gina tsani

Yarjejeniyoyi na cin lokacin da ya fi wa'adin minista. Tarayyar Turai da ƙungiyar Makosur ta Kudancin Amurka sun ɗauko maganar yarjejeniyar ciniki tun 1999, suka cimma matsaya ta farko a 2019, sannan suka sanar da kammala tattaunawa a Disambar 2024. Da ma'aunin jami'an shi ne "an sa hannu ko ba a sa ba", da sun fi shekara ashirin suna faɗuwa. Yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka ta fi sauri, amma ita ma matakai ta bi: sa hannu a Kigali a Maris 2018, fara aiki a hukumance a Mayun 2019, buɗe ciniki ƙarƙashinta a Janairun 2021.

Saboda haka a zana tsani tun kafin a fara. An yarda a tattauna, tawagogi sun zauna, an samu daftari guda, an warware batutuwan da suka fi tsauri, an sa hannu, majalisa ta amince, ta fara aiki, mutane sun soma amfana. Burin shekara shi ne hawa daga wannan matakala zuwa waccan. Matakala biyu na ƙarshe su ake yawan watsarwa, domin babu hoton da ake ɗauka a wurinsu.

Akwai kuma aikin da ko tsani ba ya ɗauka, kamar ingancin rahoton siyasa da jakada ke aikowa, ko yawan ƙofofin da ke buɗe masa. A nan hukunci ake bukata, amma hukunci mai tsari. Sau biyu a shekara, masu amfani da rahotannin, wato ofishin shugaban ƙasa, ma'aikatar tsaro, ta ciniki, da jami'in hedikwata mai kula da ƙasar, su ba da maki tare da misali: wane rahoto ne ya canja shawara, wane abu ne ya faru ofishin bai hango ba? Jakada kuma ya riƙa ajiye kundin abin da ya nema, wa ya gani, me ya biyo baya. Sharaɗi guda: kada mutum ya ba kansa maki. Kuma a yarda a rubuta "mun ba da gudummawa" a inda gaskiyar ke nan, maimakon "mu muka yi".

Mataki na 6: Yi tunanin yadda za a yi wa ma'aunin wayo

A 1975 masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura cewa da zarar hukuma ta mayar da wani ma'auni abin da take matsa wa a kai, sai ma'aunin ya daina nuna abin da yake nunawa a da. A diflomasiyya abin a bayyane yake. Ka ce za ka ƙirga yarjejeniyoyin fahimtar juna, kowace ziyara za ta haifi biyar, yawancinsu ba za a sake buɗe su ba. Ka ƙirga yawan rahotanni, za a cika maka akwati da abin da ka riga ka karanta a jarida. Ka matsa kan saurin biza kawai, sai a riƙa ƙin masu fayil mai wuya don a rufe da wuri, ko a riƙa bayarwa ba bincike. Ka ƙirga alkawuran zuba jari da aka yi a taro, za ka ji biliyoyin da ba za su taɓa sauka ba.

Maganin shi ne kowane ma'auni a ba shi abokin da zai riƙe masa ƙafa. Saurin biza a haɗa shi da yawan hukuncin da aka soke bayan ƙorafi. Yawan yarjejeniyoyi a haɗa shi da nawa ne suka fara aiki cikin shekara biyu. Alkawarin jari a haɗa shi da kuɗin da suka shigo a zahiri bisa alƙaluman babban banki. Kafin a amince da ma'auni, a ba wani gogaggen jami'i mai ɗan taurin kai, a ce masa: nuna mana yadda za ka cika wannan ba tare da ka yi aikin ba. Idan ya samo hanya cikin minti biyar, kowa ma zai samo.

Akwai wata illar da ta fi ɓuya: abin da ba ya cikin ma'auni shi ake fara yankewa. Sanin harshe da sanin ƙasa ba sa nuna amfaninsu cikin wata uku. Ma'aikatar wajen Birtaniya ta rufe makarantarta ta koyar da harsuna a 2007, sai ga ta tana buɗe sabuwa a 2013. Don haka a ware manufa guda ta gina ma'aikatar kanta: jami'ai nawa ne ke jin harshen ƙasar da aka tura su, kujeru nawa ne babu kowa a kansu, kuma wata nawa suka yi a haka.

Mataki na 7: Sauke manufofin zuwa ofisoshin jakadanci

Takardar da ta tsaya a hedikwata ba ta motsa kowa. Kowane ofishi ya rubuto nasa shirin, gajere, wanda ke nuna manufa biyu ko uku daga cikin na ma'aikata da suka shafe shi, da abin da zai yi a kansu. Ba dole kowane ofishi ya taɓa kowace manufa ba. Wanda ke ƙasar da 'yan ƙasarku ke aiki da yawa, hidimar jama'a ce kan gaba. Wanda ke Janeba ko Adis Ababa, aikin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ne. A Amurka, bayan dokar 1993 da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta shiri da rahoton aiki, da gyaran da aka yi mata a 2010, ma'aikatar waje na da babban shiri na shekara huɗu, kowane ofishin jakadanci kuma na da nasa na ƙasar da yake, wanda ya haɗa dukan hukumomin gwamnati da ke aiki ƙarƙashin jakadan. Wannan haɗawar abin koyi ce, domin a ofishi ɗaya za ka tarar da jami'in soja, na shige da fice, na ciniki, kowa na kai rahoto gidansu. Idan ba su cikin shirin, jakada zai ɗauki alhakin abin da ba ya iya juyawa.

A bar shirin ya yi tafiya sau biyu: hedikwata ta aika da jagora, ofishi ya maido da daftari har da abin da yake ganin ba zai yiwu ba, sannan a daidaita. Jakadan da aka ɗora wa buri ba a ji ta bakinsa ba zai karɓa da ladabi, ya ajiye a durowa. Bayan an daidaita, minista ya ba shi wasiƙar aiki mai ɗauke da abubuwan da za a tambaye shi. Ofishi mai jami'i uku kada a nemi ya cika fom irin na mai jami'i sittin, in ba haka ba rabin lokacinsa zai tafi wajen ba da labarin aikin da bai samu sukunin yi ba.

Mataki na 8: Ɗaure kowane buri da kuɗinsa

Kaso mai yawa na kasafin ma'aikatar waje ya riga ya tafi tun kafin shekara ta kama: albashi, hayar gidaje da ofisoshi, kuɗin makarantar 'ya'yan jami'ai, da kuɗin ƙungiyoyin da ƙasa ke ciki. Yawancinsu kuma da kuɗin waje ake biya, ga shi kasafin da kuɗin gida ake rubuta shi. Idan darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, abin da ya rage na aiki shi ke narkewa. Tun farko a zauna da ma'aikatar kuɗi a amince da yadda za a cike wannan giɓin, a kuma rubuta a gaban kowane buri nawa zai ci da abin da za a janye idan kuɗin bai zo ba.

Kuɗin ƙungiyoyi kada a yi wasa da shi. Sashe na 19 na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙasar da bashinta ya kai na cikakkun shekaru biyu da suka gabata za ta rasa ƙuri'arta a Babban Zaure, sai in an gamsu cewa abin ya fi ƙarfinta ne. Ƙasar da ke neman kujera tana kuma bin wannan sahun ta kashe takararta da hannunta.

Mataki na 9: Bar wa abin da ba a zata ba wuri

Annobar korona a 2020, faɗuwar Kabul a Agustan 2021, yaƙin Yukiren a Fabrairun 2022, ɓarkewar faɗa a Sudan a Afrilun 2023: kowannensu ya sa ma'aikatu sun ajiye shirinsu sun koma kwashe mutane. Shirin da ya cinye lokacin jami'ai kaf zai karye a makon farko. A bar wani kaso na lokaci da kuɗi ba a ɗora masa komai ba. Shirin ko-ta-kwana kuma ya zama buri mai ma'auni a gida na farko, tunda ba a fafe gora ranar tafiya: rajistar 'yan ƙasa mazauna wurin ta yaushe ce, an gwada layin gaggawa, an san hanyar fita ta ƙasa idan filin jirgi ya rufe, an yi magana da wata ƙasar da za ta ɗauki mutanenku inda ba ku da ofishi?

Mataki na 10: Zaman bita, da abin da za a faɗa wa jama'a

Duk wata uku babban sakatare ya jagoranci zama na awa biyu, ba na karanta rahoto ba. A aika alƙaluma kwanaki kafin zaman, a shiga kai tsaye kan burin da ke tangal-tangal: me ya tsaya, wa zai warware, zuwa yaushe. Minista ya halarci aƙalla biyu a shekara, don idan bai taɓa tambaya ba, kowa zai gane takardar ado ce. Yadda ake karɓar mummunan labari a zaman farko shi zai yanke irin rahoton da za a riƙa samu. Idan aka ci mutuncin wanda ya ce aikinsa ya tsaya, daga ranar komai zai zama "yana tafiya daidai" har ranar da zai rushe.

Rahoton kuma kashi biyu ne. Na fili, wanda za a kai majalisa a kuma buga: manufofi, ma'aunin hidimar jama'a, kuɗin da aka kashe, da burin da ba a cimma ba tare da dalili. Na sirri kuma: jerin ƙasashe, matsayin tattaunawa, lissafin ƙuri'u. A ba kwamitin majalisa damar ganin na biyun a zaman sirri, domin kada kalmar "sirri" ta zama mafakar gazawa.

Ana iya canja buri a tsakiyar shekara idan duniya ta juya, amma da sharaɗi uku: a rubuta dalili, wanda ya amince da shi tun farko shi zai amince da canjin, kuma tsohon burin ya ci gaba da bayyana a rahoto kusa da sabon. Haka nan, tunda jami'ai na sauya wurin aiki duk bayan shekara uku ko huɗu, katin kowane ma'auni da kundin jakada su shiga cikin takardar miƙa aiki, kada a sallami mai tafiya sai magajinsa ya sa hannu cewa ya karɓa. Zaman bita na uku a shekara kuma a tsara shi ya faɗo kafin ranar da ma'aikatar kuɗi ke karɓar buƙatun kasafin baɗi, yadda abin da aka gano zai shiga lissafin kuɗin kai tsaye.